Likitan da Ya Ƙi Yi wa Jama'arsa Ƙarya: Labaran Chekhov da 'Yan Ci-ranin Abakpa Nike

Tun marubucin Rasha Anton Chekhov yana da rai ake tuhumarsa da laifi guda, wai gajerun labaransa suna kashe wa mai karatu jiki. Azzalumi ya ci zalinsa ya kwana lafiya, mai rauni ya mutu a wulaƙance, shi kuwa marubucin ya ajiye alƙalami bai ce wa kowa uffan ba. Babban mai sharhin adabi na zamaninsa, Nikolai Mikhailovsky, ya zarge shi da sanyin zuciya, ya ce komai yake kwatantawa duk ɗaya ne a wurinsa. Jim kaɗan bayan rasuwarsa a 1904, masanin falsafa Lev Shestov ya ƙara gishiri, ya ce babu abin da Chekhov ya yi a rayuwarsa ta rubutu illa kashe burin 'yan Adam.

Ni a ganina an yi wa bawan Allahn nan mummunar fahimta. Duhun da ke cikin labaransa na wanda ya damu ne har ya kasa ɓoye abin da ya gani. Kuma idan ana neman waɗanda za su gane wannan tun a shafin farko, to a nufi zangunan Hausawa na kudu maso gabashin Najeriya, a Inugu da Anaca da Fatakwal, domin mutanen da Chekhov ya fi yawan rubutu a kansu irinsu ne: 'yan ƙauye da neman abinci ya jefa cikin birnin da ba nasu ba.

Baƙi a garin kwal

Inugu gari ne da kwal ya haifa. An gano ma'adinin a yankin a 1909, zuwa 1916 jirgin ƙasa ya fara jigilarsa zuwa tashar ruwa ta Fatakwal, daga baya layin dogo ya miƙe zuwa Arewa. Tare da dogo fatake da mahauta da masu shanu suka gangaro, suka kafa zango, suka yi aure, suka hayayyafa. Zaman ya yi daɗin da a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko ta hanyar zaɓe. Sai rikicin 1966 da yaƙin basasar 1967 zuwa 1970 suka tarwatsa wannan zama, bayan ƙura ta lafa aka sake ginawa daga tushe.

A yau Abakpa Nike unguwa ce mai cunkoso a ƙaramar hukumar Inugu ta Gabas, daura da barikin Runduna ta 82 ta sojan Najeriya. Cikin dubban mutanen da ke kai da komo a titunanta akwai 'yan Arewa: mai shayi da teburinsa, mai tsire a bakin tukubarsa, mai gyaran takalmi yana tafe yana ƙwanƙwasa akwatinsa, mai yankan farce, ɗan ga-ruwa, maigadi a ƙofar gidan da bai taɓa ganin falonsa ba. Kowa na buƙatarsu, kaɗan ne suka san sunansu. Aboki ake ce musu gaba ɗaya, a biya su, a wuce. Da yawansu iyalinsu na can gida, labarin haihuwa ko na rasuwa ta waya yake iso musu, suna tsakiyar aiki. Wannan hali na mutumin da ake gani kullum amma ba a taɓa kallonsa ba, shi Chekhov ya ƙware wajen rubutawa.

Jikan bawa, ɗan mai kanti

An haifi Chekhov a Janairun 1860 a Taganrog, wani garin bakin teku a kudancin Rasha, shekara ɗaya kafin a 'yanta bayin gandun ƙasar a 1861. Kakansa Yegor bawan gandu ne, ya yi ta tari har ya fanshi kansa da iyalinsa a 1841 da kuɗi rubul 3,500. Mahaifinsa Pavel ɗan tireda ne mai zafin ibada da zafin hannu, yana dukan 'ya'yansa, yana tsare su a kanti cikin tsananin sanyi. A 1876 ya karye, ya gudu Mosko don tsoron masu bin sa bashi, iyali suka bi shi. Aka bar Anton shi kaɗai yana ɗan shekara 16, yana koyar da 'ya'yan mutane don ya ci abinci ya ƙarasa makaranta.

A 1879 ya shiga Jami'ar Mosko karatun likita, ya kammala a 1884. Duk tsawon karatun shi ke riƙe da gidan ubansa da ɗan abin da yake samu daga gajerun labaran ban dariya da yake sayar wa jaridu da sunan aro, Antosha Chekhonte. A shekarar da ya zama likita ya fara tofar da jini, alamar tarin fukar da ta kashe shi yana ɗan shekara 44 a garin Badenweiler na Jamus. A wata wasiƙa ta 1889 ya bayyana wa mawallafinsa Alexei Suvorin yadda jikan bawa yake fama da matse ɗabi'ar bauta daga jininsa, ɗigo bayan ɗigo. Saboda haka talaucin da ke cikin labaransa ba a littafi ya karanto shi ba.

Uku da ba wanda ya saurare su

A farkon 1886 ya buga wani labari mai 'yan shafuka kaɗan, sunansa Ƙunci in an mayar da shi Hausa. Iona Potapov tsoho ne ɗan ƙauye mai tuƙa keken doki na haya a birnin Petersburg. Ɗansa ya rasu a asibiti cikin makon nan, yana neman wanda zai gaya wa. Ya ɗauki wani hafsan soja, ya fara ba shi labarin, hafsan ya yi tambaya ɗaya ya lumshe ido. Ya ɗauki samari uku da suka taya shi da kuɗin da bai kai ba, suka yi ta zaginsa kan rashin sauri, ɗaya har da kai masa duka a ƙeya. Ya tsaya wurin wani mai gadin gida, aka ce ya matsa gaba. Ya koma masauki ya tarar da wani matashin abokin sana'arsa ya farka shan ruwa, kafin ya kai ƙarshen jimlarsa yaron ya ja bargo. Daga ƙarshe ya shiga barga, ya zauna kusa da goɗiyarsa tana cin ciyawa, ya kwashe labarin duka ya gaya mata.

Abin lura a nan shi ne babu mugu ko ɗaya a labarin. Hafsan sauri yake yi, samarin nishaɗinsu suke yi, matashin gajiya ce ta kayar da shi. Kowa na da uzurin da za a karɓa, amma da aka haɗa uzurorin sai ga tsoho ya rasa mai ce masa Allah ya jiƙansa. Bahaushe ya san nauyin wannan, domin a wurinmu zaman makoki da gaisuwar mutuwa haƙƙi ne. Ɗan ci-ranin da aka bugo wa waya cewa an kai ɗansa makwanci, kuɗin mota bai samu ba, ga masu sayen shayi a tsaye, ba ya buƙatar malamin adabi ya fassara masa Iona.

A ƙarshen shekarar ya rubuta labarin Vanka, maraya ɗan shekara tara da aka kawo Mosko koyon ɗinkin takalma. Daren Kirsimeti, mutanen gida sun tafi coci, ya durƙusa gaban benci yana rubuta wa kakansa wasiƙa. An ja shi da gashi an zane shi don ya yi gyangyaɗi yana jijjiga jaririn maigida. Uwargida ta cusa masa kan kifi a fuska don ya fara gyara shi ta wutsiya. An buga masa katakon takalmi a ka har ya suma. Yana roƙon kakan ya zo ya ɗauke shi, ya yi alkawarin zai yi kowane irin aiki. Da ya gama, a bayan ambulan ya rubuta cewa a kai wa kakansa a ƙauye, ya ƙara sunan tsohon, babu sunan gari babu na gunduma. Ya ruga ya jefa a akwatin gidan waya, ya dawo ya yi barci cike da murna. Mai karatu kaɗai ya san wasiƙar ba za ta isa ko'ina ba, kuma Chekhov da gangan ya bar masa wannan sanin ya riƙe.

Na ukun, wanda ya fito a 1888, ya fi su ɗaci. Varka 'yar aiki ce mai shekara 13. Da rana wanki da shara da hura wuta da aike, da dare renon jariri mai kuka. Ta yi ta fama da barci har hankalinta ya gushe, ta ga jaririn nan shi ne abokin gabar da ya hana ta rayuwa, ta shaƙe shi, ta kwanta a ƙasa ta yi barci. Chekhov bai wanke ta ba, bai kuma la'ance ta ba. Ya dai jera ayyukan da aka sa ta tun asuba, ɗaya bayan ɗaya, har mai karatu ya ji idonsa na yaji. Duk gidan da ke da 'yar aiki da aka ɗauko daga ƙauye ta hannun dillaliya, a Kano ne ko a Fatakwal, ya kamata a karanta wannan labari a cikinsa.

Haƙurin da ake aunawa da jikin wani

Labarin da ya fi tona asirin masu ilimi shi ne Ɗaki na 6, wanda ya fito a 1892. A bayan wani asibitin ƙaramin gari akwai ɗakin da ake kulle masu taɓin hankali su biyar, cikin wari da kuɗin cizo, ƙarƙashin wani tsohon soja mai suna Nikita wanda ya yi imani duka ne kaɗai ke kawo tsari. Babban likitan asibitin, Andrei Ragin, mutumin kirki ne mai taushin murya, ba ya cin hanci, ba ya iya tsawata wa kowa. Ya ga ɓarnar tun zuwansa, ya ga ana satar kayan asibiti, sai ya sallama. Ya koma gida yana karatun falsafa, ya gina wa kansa hujja: tunda kowa mutuwa zai yi, mene ne amfanin wahalar da kai? Ai mai hankali ko a kurkuku zai iya samun natsuwa.

Wata rana ya shiga ɗakin, hira ta haɗa shi da wani majinyaci mai ilimi, Ivan Gromov, ya fara yi masa wa'azin raina wahala. Gromov ya tambaye shi ko an taɓa dukansa, ko ya taɓa shan wahala. Ya ce masa falsafar nan ta mai ƙoshi ce, ranar da ƙofa ta matse masa yatsa za a ji ihunsa. Yawan zuwansa hira da mahaukaci ya sa gari ya fara tsegumi, mataimakinsa mai kwaɗayin kujerarsa ya samu hanya, aka sallame shi, daga bisani aka yaudare shi aka shigar da shi ɗakin aka rufe. Ya buga ƙofa, Nikita ya lakaɗa masa duka. A daren ne ya fahimci cewa wannan azabar ce mutanen nan suka sha shekara da shekaru a ƙarƙashin kulawarsa. Washegari ya mutu, mutum biyu suka raka gawarsa.

Wanda ya ce wannan labarin yanke ƙauna yake koyarwa ya karanta shi a juye. Ragin ne mai yanke ƙauna, kuma shi labarin ya gurfanar. A nan ne Chekhov yake taɓa mu inda ke mana ciwo. Haƙuri da yarda da ƙaddara ginshiƙai ne na imaninmu, kuma su ke riƙe da talaka a tsaye. Amma haƙurin da mutum ya yi a kan nasa ciwon daban yake da wanda mai iko yake rabawa don kada a tambaye shi aikinsa. In maigida ya riƙe albashin maigadi wata uku ya ce masa sai haƙuri, ya ɗauki kalma mai daraja ya rufe zaluncinsa da ita. Mun kuma ga namu ɗaki na shida: a Satumban 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa, daga wani gidan gyaran hali a Rigasa ta Kaduna, aka sake samun irinsa a wasu garuruwan Arewa cikin makonni. Gidajen nan a tsakiyar unguwanni suke, maƙwabta na wucewa ta ƙofarsu safe da yamma. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Abin da ya yi da hannunsa

Rayuwar Chekhov ita ce babbar shaida a kan masu tuhumarsa. A Afrilun 1890, kusan shekara guda bayan tarin fuka ta kashe yayansa Nikolai, shi ma ƙirjinsa ba lafiya, ya bar Mosko ya nufi tsibirin Sakhalin, can ƙarshen gabashin Rasha, inda gwamnati ke jibge fursunoni. Lokacin ba a gina layin dogon Saibiriya ba, ya yi kusan wata uku a keken doki da jirgin ruwa. Ya zauna wata uku a tsibirin yana bin bukka bukka, ya cike katin ƙidaya kusan 10,000 na fursunoni da iyalansu. Ya ga an ɗaure mutum ana yi masa bulala, ya ga 'yan mata ƙanana da yunwa ta tura karuwanci. Ya dawo ya rubuta littafi a kan abin da ya gani, ya tara littattafai ya aika wa makarantun tsibirin. Babu wanda ya aike shi, kuma da kuɗinsa ya je.

A yunwar 1891 zuwa 1892 ya shiga aikin agaji. A 1892 ya sayi gona a ƙauyen Melikhovo kudu da Mosko, yana duba talakawa kyauta, da annobar kwalara ta tunkaro ya karɓi kula da ƙauyuka 25 ba tare da albashi ba. Ya gina makarantu uku a yankin, ya cika ɗakin karatu na garin haihuwarsa da littattafai. A 1902 ya ajiye kujerarsa ta girmamawa a Majalisar Masana ta Rasha don an soke zaɓen marubuci Maxim Gorky bisa umarnin Sarkin Rasha. Mutumin da ya fid da rai daga 'yan Adam ba ya gina makaranta alhali yana tofar da jini.

Bai kuma yi wa talaka kwalliya ba

Da Chekhov masu hali kaɗai ya soka, da 'yan gwagwarmayar zamaninsa sun ɗauke shi a kafaɗa. Sai ya ƙi yin ƙarya ta wannan ɓangaren ma. A labarinsa na 1897 kan mutanen ƙauye, wani mai hidima a otal ɗin Mosko, Nikolai Chikildeev, ya kamu da ciwo, kuɗinsa suka ƙare, ya kwashi matarsa da 'yarsa suka koma gida. Garin da yake tunawa da daɗi ya tarar da shi cikin ƙazanta da maye da faɗa. Ɗan'uwansa na jibgar matarsa a gaban kowa, uwarsa na ƙorafin ƙarin baki, masu haraji suka ƙwace tukunyar shayin gidan. Ya mutu, matar da 'yar suka kama hanya suna bara. Masu tace rubutu na gwamnati sun cire shafi daga labarin, marubuci Tolstoy kuma ya ɗauke shi a matsayin zunubi ga talakawa. Amma ɗan ci-ranin da ciwo ya taɓa mayar da shi gida hannu rabbana ya san yadda fuskar dangi ke sauyawa ga wanda a da shi ke aiko da kuɗi.

A wani labarin na 1900, gidan wani ɗan kasuwa ne, Tsybukin, mai sayar wa talakawa ruɓaɓɓen nama da gurɓatacciyar giya, ɗansa kuma na buga kuɗin jabu, yayin da uwargidan ke raba sadaka ba fashi ba tare da ta hana komai ba. Rikicin gado ya sa wata suruka ta watsa wa jaririn ɗaya surukar, Lipa, tafasasshen ruwa. Ba a hukunta ta ba, ita ta gaje gidan ma. A ƙarshe tsohon ɗan kasuwan ya zama abin tausayi, ba a ba shi abinci a gidansa, kuma Lipa da aka kora da mahaifiyarta su suka miƙa masa abin da zai ci a kan hanya. Alheri bai yi nasara a labarin ba, amma bai mutu ba, kuma a hannun wadda aka fi zalunta aka same shi.

Me ya sa bai yi wa'azi ba?

Adabinmu ya saba da rufe labari da darasi. Daga tatsuniya zuwa Magana Jari Ce na Abubakar Imam, har zuwa littattafan zamani da finafinan Kano, mai karatu na jiran ya ga alhaki ya bi mai shi. Wannan tsari na da amfaninsa, yana koya wa yaro bambance fari da baƙi. Sai dai yana iya sauke wa babba nauyi, domin in marubuci ya hukunta mugu, mai karatu ya rufe littafi da jin cewa an gama shari'a, shi kuma yana cikin mutanen kirki. Chekhov ya hana mu wannan sauƙin. Ya rubuta wa Suvorin a 1888 cewa aikin marubuci shi ne ya gabatar da matsala daidai yadda take, hukunci na masu sauraro ne. A wani labarin na 1898 ya sa wani likitan dabbobi ya yi fatan a ce bayan ƙofar kowane mai jin daɗi akwai mai guduma yana ƙwanƙwasawa, yana tuna masa da waɗanda ke cikin wahala. Sannan, don gaskiyarsa, ya nuna masu sauraron likitan sun ƙosa da zancen, barci suke ji.

Shi kansa bai yarda da sunan mai yanke ƙauna da aka laƙaba masa ba. Marubuci Ivan Bunin ya ruwaito cewa Chekhov ya musanta zargin, ya kafa hujja da cewa labarin da ya fi so cikin nasa shi ne Ɗalibi, na 1894, inda wani matashi da sanyi da talauci suka karya wa zuciya ya ba wasu zawarawa biyu wani tsohon labarin addini a bakin wuta, ya ga ɗaya tana hawaye, ya gane cewa ciwon mutanen da suka shuɗe ƙarnuka da yawa yana iya taɓa zuciyar mai rai a yau. Addininmu ya hana fid da rai daga rahamar Allah, ya kuma hana shaidar zur. Labaran Chekhov ba su saɓa wa ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Tsakanin Hausa da Rasha dama akwai tsohuwar hanya. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa daga labarin jarumin Rasha Ilya Muromets ya samo tushe. A 1963 an buga ƙamus na Hausa da Rashanci a Mosko ƙarƙashin jagorancin Dmitri Olderogge, kuma Rediyon Mosko ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa. Mun karɓi jaruminsu mai takobi, ya dace mu karɓi likitansu ma. Labaran gajeru ne, wasu ba su kai minti goma a karanta ba, sun dace da rediyo da saƙon murya na WhatsApp, inda za su kai ga mai shayin Abakpa da ba ya da lokacin buɗe littafi. Amma waɗanda suka fi buƙatar jin su su ne masu hali a cikinmu: alhazan zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, iyayen da ke tura yaro kudu ba su san inda zai kwana ba, matan da ke riƙe da 'yar wani a gidajensu, da ma'aikacin asibitin da ya ga ɓarna ya ce ba shi ya kawo ta ba. Sanin sunan yaron da ke maka aiki da garinsu, biyan maigadi haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe, asusun da zai kai marar lafiya gida ko ya biya masa magani, duk abubuwa ne da ke cikin ikonmu tun yau, ba sai an jira gwamnati ba. A kansu Chekhov yake tambayar mu, kuma kowa zai amsa ne da abin da ya yi wa na ƙasa da shi.